Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Farfaɗo da Tsohuwar Kwamfuta a Gidajenmu

A wani gida da muke zumunci da shi a garin Poli, hedikwatar yankin Faro, akwai wata 'yar kwamfutar tafi-da-gidanka da ta shafe shekaru a ƙasan akwati, an lulluɓe ta da tsohon zane kamar kayan gado. Babban ɗan gidan ne ya dawo da ita daga jami'ar Ngaundare. Da farko ta yi aiki, daga baya ta fara nawa, har ta kai idan aka kunna ta sai a ɗora shayi a sauke kafin ta gama buɗewa. Maigidan ya yanke hukunci cewa ta mutu. Alhali kuwa a cikin gidan nan akwai yarinya 'yar lise da ke karanta darasin kwamfuta, wadda za ta zauna jarrabawa a kansa, amma yawancin abin da ta sani a kan allo ta gan shi, an zana da alli.

Wannan hali ba na gida ɗaya ba ne. Daga Poli zuwa Garwa, daga Gidar zuwa Marwa, akwai irin waɗannan na'urori birjik a cikin akwatuna da ƙarƙashin gadaje. Abin da muke so mu bayyana a wannan fitowa shi ne, da yawa daga cikinsu lafiyarsu lau. Kaya ne aka ɗora musu wanda ya fi ƙarfinsu, kuma idan aka sauke aka ɗora daidai da su, za su iya ƙara wasu shekaru suna yi wa iyali hidima.

Daga ina suka fito?

Kashi na farko su ne na hannu, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala ko suka biyo ta kasuwannin Najeriya, har suka iso shagunan Garwa. Kashi na biyu kuwa kowa a Kamaru ya san su. A shekarar 2016 gwamnati ta sanar da shirin raba kwamfutoci 500,000 ga ɗaliban manyan makarantu, cikin wani aiki na sefa biliyan 75 da aka yi da rance daga ƙasar Sin. An fara rabon a ƙarshen 2017, kuma na'urorin suna ɗauke da tambarin PB HEV. Ƙanana ne, marasa nauyi, masu ƙwaƙwalwar aiki ta gigabayit 2 da ma'ajiya ta gigabayit 32, kuma da Windows 10 suka zo. Waɗanda suka karɓe su sun gama karatu tuni, na'urorin kuma sun koma gida wajen ƙanne. Ta gidan da muka ambata ɗaya ce daga cikinsu.

To me ya sa suke nawa? Domin mu fahimci wannan, bari mu yi misali da abin da kowace uwar gida ta sani. A ɗauki ma'ajiyar kwamfuta a matsayin rumbu, inda hatsi yake zaune ko ana aiki ko ba a yi. Ƙwaƙwalwar aiki kuma, wadda masu gyara ke kira RAM, ita ce tabarmar da ake baza hatsin a kai idan za a tsince shi. Komai girman rumbu, aikin da za a iya yi a lokaci guda bai wuce faɗin tabarma ba. Sannan akwai babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da na'urar baki ɗaya, kamar Windows. Ita ma a kan tabarmar nan take zama. Idan ta kasance mai jiki, sai ta mamaye wurin, ya zama ɗan gefen da ya rage ba ya isar komai. Daga nan sai na'urar ta shiga safa da marwa tsakanin tabarma da rumbu, tana kwasa tana mayarwa, kuma wannan kai-komo shi ne nawar da muke gani.

Gigabayit 2 shi ne mafi ƙarancin abin da kamfanin Microsoft ya ce Windows 10 mai bit 64 na bukata. Wato na'urar tana bakin iyaka tun ranar da aka buɗe kwalinta. Kowane sabuntawa kuma yana ƙara cin wuri a cikin ma'ajiyar nan ta gigabayit 32, har ta cika ta kasa karɓar wani.

Lokaci ya ƙure wa tsohon tsari

Akwai wani dalili da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP a watan Afrilun 2014, ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, sannan a ranar 14 ga Oktoba 2025 ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10, in ban da ɗan ƙarin wa'adi da ya ba waɗanda suka yi rajista ta musamman. Ma'anar daina kulawa ita ce, idan aka gano wata ɓaraka da ɓarayin intanet za su iya bi, ba wanda zai zo ya toshe ta. Na'urar za ta ci gaba da kunnuwa, amma kamar gida ne da katangarsa ke zubewa kuma magini ya yi sallama.

Hawa zuwa Windows 11 kuwa ba hanya ba ce ga waɗannan na'urori, domin tana neman aƙalla gigabayit 4 na ƙwaƙwalwar aiki, da gigabayit 64 na ma'ajiya, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Saboda haka maigida yana tsakanin abu uku: ya sayi sabuwa da kuɗin da zai iya kai na buhunan masara masu yawa, ko ya ci gaba da tsohuwar a kan haɗari, ko kuwa ya sauya mata babbar manhaja. Wannan na ukun ne muka gwada.

Manhajar da ba a saye da kuɗi

A shekarar 1991 wani ɗalibi a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya fara rubuta zuciyar wata babbar manhaja, ya sake ta ga duniya domin kowa ya duba, ya gyara, ya ƙara. Aka haɗa aikinsa da kayan shirin GNU, wanda Richard Stallman ya assasa a Amurka a 1983, aka sami abin da ake kira Linux. Sharaɗin lasisinta ya halatta wa kowa ya kwafa, ya ba maƙwabcinsa, ya sa a na'ura goma ko ɗari ba tare da ya biya ko dala ba. Wannan batu yana da nauyi ga mai son ya tsare haƙƙin mutane, domin sanin kowa ne cewa manhajoji da yawa da ake sa mana a shaguna kwafi ne da aka fasa ba da izinin masu su ba. A nan kuwa masu abin ne da kansu suka ce a ɗauka. Kuma ba baƙuwa ba ce a gidajenmu kamar yadda ake zato: duk wayar Android da ke aljihunmu a kan zuciyar Linux take tafiya.

Da yake kowa na da damar gyarawa, sai aka sami ire-irenta masu yawa, kamar yadda dawa ɗaya ce amma akwai kaura akwai farfara. Wasu an yi su domin manyan na'urori, wasu kuma an rage musu ado da gangan domin su zauna a ɗan gefen tabarma. Ga waɗanda suka dace da mu.

Idan na'urar tana da gigabayit 4, ko za a iya kai ta can, Linux Mint mai fuskar Xfce ta fi sauƙin sabo ga wanda ya saba da Windows, domin maɓallin farawa da jerin manhajoji duk suna inda ido ya saba ganinsu. Idan gigabayit 2 ne, Lubuntu ta fi dacewa. Idan kuwa gigabayit 1 ne ko ƙasa da haka, sai a nemi antiX, wadda aka gina a kan Debian, wadda kuma idan ta gama buɗewa abin da take ci bai kai megabayit 300 ba. Akwai kuma Puppy Linux, da Barry Kauler ya fara a Ostareliya a 2003, wadda saboda ƙanƙantarta takan iya tafiya daga filash ko da ma'ajiyar na'urar ta lalace.

Ga mu masu aiki da Faransanci, ya kamata mu san Emmabuntüs. An fara ta a Faransa a 2011 musamman domin gyara kwamfutocin da jama'a ke bayarwa kyauta ga ƙungiyar agaji ta Emmaüs, kuma tana zuwa da manhajojin karatu da na ofis a haɗe, ta yadda ba sai an sauke su daga intanet ba. An yi amfani da ita wajen buɗe ɗakunan kwamfuta a makarantun sakandare na arewacin Togo, yankin da zafinsa da ƙurarsa da ƙarancin intanet ɗinsa suka yi kama da namu.

Wani abin lura shi ne shekarun injin. Kwamfutocin da suka tsufa ƙwarai, galibi na kafin 2007 da wasu ƙanana na bayan nan, masu bit 32 ne, kuma duniya tana juya musu baya. Lubuntu ta daina fitar da nau'insu tun bayan 2018, Debian ta 13 da ta fito a Agustan 2025 ba ta da cikakken nau'i dominsu, kuma a shekarar 2025 ɗin masu Firefox suka sanar da daina yi musu sabon zubi. Irin waɗannan suna da amfani har yanzu wajen koyon buga rubutu da karatu, amma kada a dogara da su wajen harkar kuɗi a intanet.

Yadda muka bi

Rigakafi ya fi magani. Abu na farko da muka yi shi ne kwashe duk abin da ke cikin na'urar zuwa wani wuri: hotunan suna da na biki, takardun makaranta, da kundin kammala karatun babban ɗan gidan. Muna jaddada wannan domin sa sabuwar manhaja yana share ma'ajiya ƙarƙaf, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Duk mai gyaran da ya ce zai fara aiki ba tare da ya tambayi wannan ba, a karɓe na'urar daga hannunsa.

Na biyu, sauke manhajar. Girmanta yakan kama daga gigabayit 1 zuwa 3 ko fiye, kuma wannan nauyi ne ga layin waya a Poli. Tsakanin Poli da Garwa akwai tafiyar sama da kilomita 130, saboda haka muka jira sai da wata hidima ta kai mu birni, muka sauke a can sau ɗaya. Kwafi ɗaya ya isa unguwa guda. Aka rubuta ta a kan filash mai gigabayit 8, wanda a nan muke ce wa kile, ta hanyar wata 'yar manhaja mai suna Rufus. Akwai kuma Ventoy, wadda ke ba da damar tara ire-ire da yawa a filash ɗaya domin a gwada kowanne.

Na uku, gwaji kafin yanke hukunci, domin gani ya kori ji. Ana soka filash, a kunna na'urar, a danna maɓallin zaɓen farawa, wanda yakan kasance F12 ko Esc ko F2 gwargwadon ƙirar. Linux za ta buɗe daga filash ɗin ba tare da ta taɓa abin da ke ciki ba. A nan ne za a duba ko sauti na fita, ko tana ganin wifi, ko allon rubutu da na taɓawa suna amsawa, ko tana nuna cajin batir. Ƙananan na'urori masu injin Atom suna da taurin kai a wannan mataki: wasu sukan ƙi farawa daga filash sai an ƙara musu wani fayil na musamman, wasu kuma sauti ko wifi ya ƙi aiki da wani nau'i ya yi da wani. Mu ma sai a gwaji na biyu muka dace. Wanda bai saba ba ya nemi wani ɗalibi ko malamin kwamfuta ya zauna kusa da shi, ba abin kunya ba ne.

Na huɗu, girkawa. Aka zaɓi Faransanci a matsayin harshen na'ura, da tsarin allon AZERTY da yaranmu suka saba da shi. A nan muka tarar da wani alheri da ba mu zata ba. A cikin jerin tsare-tsaren allon rubutu akwai na harsunan Kamaru, wanda ya bi haruffan bai-ɗaya da aka amince da su a 1979, yana fitar da ɓ da ɗ da ŋ da ƴ na Fulatanci, akwai kuma na Hausa mai fitar da ƙ. Wato yaro zai iya rubuta harshen gidansu daidai, da ƙugiyoyinsa, ba tare da an sayi komai ba.

Daga ƙarshe muka kunna wata dabara da ake kira zram, wadda ke matse abin da ke kan tabarma kamar yadda ake danne auduga a buhu, domin wurin ya ɗauki fiye da yadda ya saba. Ga manyan tsofaffin kwamfutoci akwai ƙarin gyara biyu masu araha: ƙara ƙwaƙwalwar aiki idan akwai gurbi, da musanya tsohon faifai mai juyawa da ma'ajiyar SSD, wadda ta fi sauri nesa ba kusa ba, ba ta kuma tsoron girgizar babur. Ƙananan na'urori da yawa kuwa an manne musu nasu a jikin allo, ba a iya ƙarawa, don haka sauƙaƙa manhaja shi ne kaɗai maganinsu.

Abin da za ta iya, da abin da ba za ta iya ba

Yanzu na'urar tana buɗewa kafin a gama zuba shayi a kofi. Tana da LibreOffice, wanda ke rubuta wasiƙa, ya yi jadawalin lissafi, ya shirya allunan gabatarwa, kuma yana buɗe takardun Word da Excel ya adana a tsarinsu. Gaskiya ne a makaranta galibi da Word da Excel ake misali, kuma wuraren maɓallan sun ɗan bambanta. Amma wanda ya iya haɗa lissafi a jadawali ɗaya zai iya a ɗayan, kamar yadda wanda ya koyi tuƙi da tsohuwar mota ba ya kasa jan sabuwa. Maigidan da kansa, wanda ke noman auduga yana kuma ɗan taɓa kasuwanci, ya sa an buɗe masa jadawalin bashin taki da na abin da ya shiga da abin da ya fita.

Ga ƙanana akwai GCompris, tarin wasannin koyon ƙirga da haruffa da riƙe linzami, wanda aka fara a Faransa a shekarar 2000. Ga manya akwai Kiwix, wadda aka ƙirƙira a 2007 domin karanta Wikipedia ba tare da intanet ba. Ana sauke kundin sau ɗaya, na Faransanci ko na Hausa ko na wani fanni kaɗai kamar lissafi ko kiwon lafiya, a ajiye a katin ajiya, ya zama ɗakin karatu a cikin gida. VLC kuma tana kunna karatu da darussa da aka ɗauka a murya ko a hoto. Idan ana bukatar intanet, sai a haɗa wayar Android da igiyar caji a raba layin.

Akwai kuma sauƙi ta fuskar cutar nan da ke addabar filash a shagunan buga takardu, wadda ke ɓoye fayiloli ta bar inuwarsu. Domin Windows aka yi ta, ba ta tashi a kan Linux, har ma akan iya ganin fayilolin da ta ɓoye a kwashe su. Sai dai filash ɗin yana nan ɗauke da ita, zai iya harbin wata na'urar, don haka a goge shi.

Amma kada mu yaudari kanmu. Shafukan intanet na yau suna da nauyi, kuma nauyinsu ɗaya ne ko a kan wace manhaja. Da gigabayit 2, shafi biyu ko uku ne za a buɗe a lokaci guda, Facebook da YouTube kuma za su riƙa tafiya da ɗingishi. Manhajojin da aka yi domin Windows kaɗai, kamar wasu na lissafin kamfanoni, ba lalle su yi aiki ba. Wasu injinan buga takarda ma sai an sha fama. Wanda sana'arsa ta dogara da irin waɗannan ya yi shawara kafin ya sauya. Haka nan babu manhajar da ke tayar da mataccen batir ko ta ɗinke fasasshen gilashi.

Kula da ita a ƙasarmu

Maƙiyan kwamfuta a arewa uku ne: zafi, ƙura da wuta. A watannin Maris da Afrilu zafin kwarin Binuwai yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe kafofin iska. Kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, a sa ta a kan tebur ko faranti, a rufe ta da zane idan an gama, a kai a busa mata ƙura sau ɗaya a shekara. Game da wuta, yawancin arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya mun san abin da ke biyowa, ko da yake tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun kawo ɗan sauƙi. A cire caja idan wuta ta ɗauke, domin dawowarta da ƙarfi ita ce ke ƙona kaya.

Idan kuma na'ura ta mutu da gaske, kada a jefa ta a bola ko a bar yara su fasa batirinta, kada kuma a ƙona ta, domin akwai dalma da wasu guba a ciki. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A ba masu gyara ita su ciri abin da zai yi wa wata amfani. Kowace shekara da muka ƙara wa tsohuwar na'ura ragi ce a wannan tsibi, kuma kariya ce daga almubazzaranci.

Kira ga iyaye

Ya ku iyaye, gyaran na'ura rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne wa zai zauna a gabanta. Shawararmu ita ce a ajiye ta a falo ko a tsakar gida inda ido ke kai, a buɗe wa kowane yaro nasa asusun da kalmar sirrinsa, babba ya riƙe na shugabanci. A tsara lokaci, kuma a tabbata 'yan mata sun sami rabonsu cikakke, domin mun sha ganin yadda na'ura ke zama ta samari yayin da 'yar'uwarsu ke wanke-wanke, alhali jarrabawa ɗaya za su zauna.

A gidan da muka faro da shi, yarinyar nan tana da awa guda kowane dare bayan sallar isha'i. Makon farko da yatsa ɗaya take neman haruffa. Da muka koma bayan wata biyu, ita ce ta buga wa mahaifinta takardar neman fili, ta kuma nuna wa ƙaninta yadda ake adana fayil. Filash ɗin da muka yi aiki da shi yana nan yana zagaya unguwa, ya riga ya shiga gida na uku. Duk wanda ke da irin wannan na'ura a ƙasan akwati, ya ciro ta ya kaɗe mata ƙura, ya kwashe hotunansa, ya gwada. Allah Ya sa mu dace, Ya yi wa zuriyarmu albarka.